Ficewar Alhaji Ashafa Daga Ciyayya

A lungunmu na Ƙofar Marke tun muna angwaye muke ciyayya. Da an sallame Magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Junaid, tsohon malamin makaranta, kowane magidanci ya fito da kwanonsa. Mu huɗu muka rage: Malam Junaid, da ni Mansur tela, da Alhaji Ashafa dillalin shanu, sai Dodo mai albasa, mutumin Ƙonni ta Nijar wanda furfura ta riske shi a Sakkwato. Al'adar tabarmar kuwa ba ka cin naka. Ka tura kwanonka gaban 'yan'uwa, kai kuma ka sa hannu a nasu. Wanda ya ci nasa, sunansa marowaci.

To a nan gizo ke saƙa. Miyar gidan Alhaji Ashafa ta fi ta kowa nama, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma tun bayan Sallar layya miyar nan ta yi hannun riga da gishiri. Lami ce salam, ba gishiri ba magi, sai ka ce ruwan wankin kuka. Ba wanda ya ce uffan, don wa zai dubi tsabar idon mutum ya ce masa miyar matarsa ba ta shawuwa? Ni da Malam sai mu tsinci tsoka, mu yi santin ƙarya, mu gudu wani kwanon. Dodo ne yake jawo shi gabansa, ya sunkuyar da kai ya yi ta fama har ya suɗe. Shi kuwa Alhaji da safe kunu, da rana fura a kasuwar shanu, da yamma ya narki namu, bai san wainar da ake toyawa a tukunyar gidansa ba. Abin da yake gani kawai, kullum Dodo na lashe masa kwano.

Ranar da rediyon Malam ya sanar cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun ce sun fice daga Ekowas, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, muna tsakiyar ci. Dodo ya girgiza kai.

"Wagga ba dubara ba ta," in ji shi. "Ƙanwata na Ƙonni, ɗiyata na aure Illela, nan Najeriya. Da anka ruhe iyaka kwanan baya, albasata bisa mota tar ruɓe. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka."

"Sun yi daidai!" Alhaji ya daka masa tsawa, shinkafar gidana cike da bakinsa. "Su ad da shanu, su ad da ma'adinai, amma wasu ka lasa. Zaman tare da cuta, gara kowa shi kama gabanai."

Abin dariya, ɗan Nijar ɗin ke cewa a zauna, ɗan Najeriya na cewa a fice. Malam Junaid ya gyara tabarau zai fara bayanin yarjejeniyar ƙungiyar, cewa ƙasa ba ta fita sai ta ba da sanarwar shekara guda. Ba wanda ya saurare shi, dama haka ya saba tun yana aji.

"Alhaji," in ji Dodo, "kai da ka sayo shanu can ka saida nan, kai ka murna a raba gari?"

"Ai dole ka so haɗaka," in ji Alhaji, "kai da ka saba cin na wani."

Hannun Dodo na cikin kwanon a lokacin.

"Ƙarya niy yi? Dubi hannunka! Kullum kai ka janye kwanona awa gadonka na. Ni ka kawo tsoka, a aje mini kuka da kuɓewa. Ni an Nijar ta tabarmag ga, kuma daga yau na hita!"

"To ka ba mu sanarwa mana," in ji Malam, yana son ya mayar da abin wasa.

"Ko ta dare guda ba ni badawa."

Ya fizge kwanonsa da sauran miya a ciki, ya kaɗe babbar riga ya shige gida. Dodo ya bi shi da kallo, loma a hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya yi wata da watanni yana shan azaba don ya rufa maka asiri, ka tashi ka kira shi maci na wani! Na buɗe baki zan fasa ƙwai, Dodo ya taka mini ƙafa. Haka muka watse kowa da guntun tuwonsa.

Katangarmu ɗaya da Alhaji, kuma muryarsa ba ta san sirri ba. Ina shiga gida na ji yana cewa, da ƙarfi don unguwa ta ji, yau zai ci arzikinsa shi kaɗai. Aka yi shiru na loma ɗaya. Sai tari.

"Ke! Mi a wanga?"

"Miyarka ta, Alhaji," in ji Hajiya Ashatu, matarsa.

"Kin mance gishiri."

"Ban mance ba. Tun da likita yac ce jininka ya hau nike ɗebe taka kahin in zuba gishiri, don na san in na hwaɗa maka gardama za ka yi. Kullum ita kaka sha, yau za ka tambaya?"

"Kullum?"

"Tun Sallar layya. Kwano na komowa tas, ina ta gode ma Allah."

Ni da matata muka toshe baki, dariya na neman kashe mu. Can sai muryar Hajiya ta sauya.

"Tsaya, Alhaji. In kai ba ka san ɗanɗanonta ba, wa ka shanye ta? Kai kuma mi kaka ci?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ɗora.

"Ashe ni ina nan ina lallaɓa ranka, kai kana waje kana ɗura gishirin gida ukku! So kake ka hwaɗi cikin kasuwa a kwaso mini kai?"

A nan muryarta ta karye, ta fashe da kuka. Dariyata ta tsaya cak, tausayinta ya kama ni.

Gari na wayewa ta yafa mayafi ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar matanmu sun gama yanke hukunci: duk wanda ya bar hannun Alhaji ya shiga kwanonsa, shi ma gishiri ya ƙare masa. Malam ya ce ko takunkumin da Ekowas ta sa wa Nijar bai kai wannan tsanani ba.

Alhaji ya yi kwanaki bai leƙo ba. Muka ci gaba mu uku, tabarma ta yi mana faɗi, ba mai daka wa kowa tsawa. Dodo ya samu miya mai gishiri son ransa, amma loma kaɗan yake yi ya wanke hannu, idonsa na kan ƙofar gidan Alhaji.

Ran nan muna zama sai ga shi, kwano a hannu, yana tafe yana duban sama kamar mai neman wata. Ya yi sallama can ƙasan maƙoshi, ya zauna a bakin tabarma.

"Ra'ayina kan Nijar dai na nan," in ji shi.

"Ba wanda yah hana ka," in ji Malam.

Ya saci kallon shinkafata, na janye ta, don ina son zaman lafiya a gidana. Ya yi ajiyar zuciya, ya buɗe nasa, ya kai loma. Fuskarsa ta yamutse kamar ta yaron da aka ɗura wa maɗaci. Ya haɗiye da ƙyar. Bai ɗago kai ba ya yi magana.

"Dodo, wata da watanni kana shan wagga aba, ba ka ce komi ba. Don mi?"

"Kwanon Hajiya shi koma cikin gida da miya?" in ji Dodo. "A ce an ƙi abincin gidanka, muna zaune?"

Idon Alhaji ya ciko. Ya ce yaji ne, alhali duk mun san abin da ke cikin miyar nan da abin da babu. Dodo ya jawo buta ya wanke hannu, ya gyara zama.

"Turo kwanon tsakiya, Alhaji. Kai baƙon wagga miya na, ba ka iya shanye ta kai ɗai."