Kwana Tara a Ƙarƙashin Shawa

Wata safiyar Asabar cikin watan Fabrairu, Clive Stathers ya shiga shawa, ya murɗa ta zuwa inda ya saba, ya tsaya yana jiran ruwan ya gasa masa baya. Ruwa ya zubo salam, kamar shayin da aka manta a kan tebur. Ya ƙara murɗawa har ƙarshe, bai ji wani bambanci ba.

Da wani ne, tsaki zai ja ya kira mai gyaran famfo. Clive kuwa gabansa ne ya faɗi. Shekara biyu da suka wuce an yi masa aiki a ƙashin wuya saboda wata jijiya da ta danne, kuma ranar da aka sallame shi likita ta ja masa kunne: in ya wayi gari fatarsa ta daina rarrabe zafi da sanyi, ya dawo a ranar, kada ya kwana. Clive direban bas ne a Hull, wani garin bakin kogi a Ingila, shekararsa ashirin da shida a kan sitiyari. Ya san abin da komawa asibiti ke nufi. Za a karɓe lasin, ya zauna a gida yana leƙen motocin wasu ta taga.

Don haka ya ƙudura sai ya kama hita, injin dafa ruwan gidan, da laifi. Tasu irin ta kowa ce a layin, farin akwati a bangon kicin, ba ta da tanki. Kana buɗe famfo wutar gas za ta kama, ta dafa ruwan yana wucewa, ita ce kuma ke ɗumama ɗakuna. Ya jira matarsa Lorna ta fita cefane, ya buɗe murfin. Allurar matsin ruwa tana kan kore. Lambar zafi tana nan a digiri hamsin da biyar, ba wanda ya taɓa. Ya kashe, ya kunna, ta tashi da ɗan gurnaninta na kullum. Ya buɗe famfon kicin, kafin ya ƙirga goma tururi ya turnuƙe tagar.

Bai sa hannu ba. Ya tsaya da yatsunsa a gefen ruwan, ya kasa, don yana tsoron abin da zai ji ko abin da ba zai ji ba.

Duk abin da ya duba lafiya lau yake, kuma kowace lafiya ƙara tsinka masa zuciya take yi. Ga Lorna, ita ba ta wanka da shawa, baho take cikawa kowace yamma ta jiƙa gwiwoyinta, ta fito jajir tana fifita da tawul. In hita lafiya, ruwan Lorna lafiya, to saura wa? Da yana cikin hankalinsa da ya lura madubi ya daina yin raɓa in ya fito wanka. Amma Clive ba madubi yake kallo ba, ƙafafunsa yake kallo.

Haka ya yi mako guda. Yana tuƙi, in danja ta tsayar da shi sai ya mintsini cinyarsa ta cikin wando. Yana ji, amma shin kamar da yake ji? Ya dubi fasinjoji ta madubi, tsofaffi da jakunkunan cefane, uwaye da kekunan jarirai, kunya ta kama shi, don ya san bai kyauta ba. A gida kuwa in Lorna ta ce, "Lafiya kake?" sai ya ce, "Lafiya ƙalau, gajiya ce." Mutanen garin nan, ko rufi ne ya faɗo musu a ka, abin da za su ce ke nan.

Ranar Lahadi, kwana na tara, ya ɗauko ma'aunin zafin da Lorna ke dafa jam ɗin shafa wa burodi da shi, ya hau sama, ya sakar wa shawa ruwa. Sai ya zauna a bakin baho ɗaure da tawul, ma'auni a hannu, ya kasa miƙawa. Har Lorna ta gaji da jin zubar ruwa ta turo ƙofa.

"Kai tsoho, kogin za ka ƙarar? Me kake yi da abin jam ɗina?"

Ya buɗe baki zai yi ƙarya, sai ya fasa. "Lorna, ina jin abin nan ya dawo. Ba na jin zafin ruwa."

Fuskarta ta sauya. "Tun yaushe?"

"Tun waccan Asabar."

Ta naɗe hannun riga ta cusa hannu cikin ruwan har gwiwa. Ta ɗan jima. Sannan ta fizge ma'aunin ta tara, ta kawo masa daf da hanci.

"Karanta. Ko idon ma ya tafi?"

"Ashirin da tara."

"Ashirin da tara! Wannan ruwan ko kare ka wanke da shi sai ya yi atishawa. Ba kai ba ne, Clive, shawa ce!"

Wani abu da ya tokare masa ƙirji kwana tara ya sauka. Ya fara dariya, dariyar ta zarce da hawaye, ya rufe fuska da hannu biyu. Lorna ta rungume kansa da jiƙaƙƙen hannunta, can kuma ta ture shi.

"Da da gaske ne fa? Da abin ne ya dawo, kana nan kana jan mota cike da mutane? Shekara talatin ina wanke maka safa, amma ban isa ka faɗa mini ba?"

"Ban so hankalinki ya tashi ba."

"To ga shi ya kwanta, ka gani ai. Gobe da safe za ka buga wa likita, ka faɗa mata da bakinka abin da ka yi. Ina tsaye a kanka."

Ya ce to.

Ta kira yayanta Malcolm, tsohon mai gyaran famfo da ya yi ritaya, wanda har yau bai yafe wa Clive goyon bayan ƙungiyar wasan rugbi ta ƙetaren kogi ba. Ya iso da jakar kayan aiki yana haki a matakala. Ya taɓa ruwan kicin, ya taɓa na baho, ya taɓa na shawa.

"Hita ba ruwanta, suruki. Da ita ce, da ko'ina ya huce." Ya rufe ruwan gidan, ya kwance mamurɗin shawa, ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa, fari fat da ƙanzo irin na gindin butar shayi. "Wannan ne ke gauraya zafi da sanyi. Ruwan garin nan ya cinye shi, ya maƙale a wajen sanyi. Kwana nawa kana wanka haka?"

"Tara," in ji Lorna.

"Tara! Ni dama na san wanda ya jure kallon ƙungiyarku shekara arba'in, ba abin da ba zai jure ba."

Clive bai rama ba. Yau ko me Malcolm ya ce, daɗi yake masa. Aka jiƙa ƙarfen cikin ruwan kal ɗin da suke yayyafa wa soyayyen dankali, aka sha shayi kofi biyu-biyu, Malcolm ya goge shi da tsohon buroshin haƙori ya mayar. Ya ce zai kai bazara, daga nan a sayi sabo.

Motar Malcolm ba ta bar layin ba Clive ya koma sama. Ya manta an gyara, ya murɗa mamurɗin har ƙarshe yadda ya saba kwanakin nan. Ruwa ya sauko masa a kafaɗa kamar an juye tafasasshiyar tukunya, ya kurma ihun da sai da maƙwabta suka ji.

Lorna ta rugo ta buga ƙofa. "Clive! Me ya faru?"

"Ya ƙona ni!" Muryarsa cike da murna. "Lorna, ya ƙona ni, har tafin ƙafa!"

Sai ya ji ta zauna a kan matakala, tana jan hanci.

"To ka rage mana, sakarai," ta ce.

"Yanzu," in ji shi. Ya rage kaɗan, ba da yawa ba.