Rubutun Ƙasan Allo

Su biyu suka rage a gidan da ke unguwar Tangin, a Wagadugu: Tasere mai gyaran firij da 'yarsa Wendiyam, 'yar aji uku. Tuwo bai yanke musu ba. Abin da babu shi ne Lizeta, uwar yarinyar, wadda ta shiga motar arewa da kwalayen sabulu tun kafin damina. Motar ba ta isa ba, ba ta kuma dawo ba. Takalmanta na zaman gida suna nan a bakin ƙofa, kullum kuma Tasere yakan ce wa 'yarsa hanya ce aka rufe.

Ranar Laraba a zaune ya wuni. Da safe ofishin jandarma, inda aka ce masa ana kan bincike. Da hantsi taron masu neman 'yan uwansu, kowa ya miƙe ya ambaci sunan nasa ya koma ya zauna. Bayan azahar kuma dangi, a gidan yayansa Yamba.

"Ranar Asabar za a yi mata addu'a," in ji Yamba. "Iyayenta sun gaji da jira. Ka gaya wa yarinyar yau, ko gobe matata ta gaya mata a bakin murhu."

"Yaya, ba a ga gawa ba."

"Kai ma ba ka ga barci ba. Dubi wuyanka, kamar na zabo."

Tasere ya ɗauko Wendiyam daga makaranta a babur, amma ya kasa kama hanyar gida. Makon bikin fina-finai ne, gari ya cika da baƙi. A ƙofar wani ɗakin kallo wata budurwa mai tabarau tana roƙon masu wucewa su shigo, fim na farko da ta shirya ne, kyauta. Tasere wurin zama kawai yake so, inda ba wanda zai tambaye shi komai. Suka shiga.

Da yaren Gurma aka yi fim ɗin, fassarar Faransanci tana fitowa a ƙasan allo. Kamar sauran iyayen da ke wurin, ya sunkuya yana raɗa wa 'yarsa abin da aka rubuta. Aikin bai yi yawa ba. Wata tsohuwa ce take share ɗakin ɗanta da ya yi tafiya kowace yamma, ta kakkaɓe takalmansa, ta mayar da su bakin ƙofa.

"Yau kuma kallon shara aka tara mu," wani ya ce daga baya. "Gara da na zauna gida, surukata ta fi ta iyawa."

Aka yi dariya. Tasere bai yi ba. Ya lura tsohuwar kullum sai ta juya kan takalman ya fuskanci cikin ɗaki, kamar mai su ya shigo kenan.

Can maƙwabcinta ya tsaya a bakin danga ya yi mata magana. Rubutu ya fito: ba zai dawo ba.

"Me ya ce, Baba?"

"Ya ce yana hanya."

Wendiyam ba ta ƙara tambaya ba. A ƙarshe tsohuwar ba ta yi kuka ba. Wata safiya dai ta zura ƙafa cikin takalman, sun yi mata girma, ta ɗauki tulu ta nufi rijiya tana jan su. Allo ya yi duhu.

Budurwar tana bakin ƙofa tana duban fuskokin masu fita. Tasere ya tsaya.

"'Yata, wa ya nuna miki a juya kan takalmi haka?"

"Kakata."

"To, kin gani da kyau. Kada wani ya sa ki ƙara wa fim ɗin kiɗa."

A wurin ajiye babura ya yi ta lalubar makulli, alhali yana hannunsa. Rana ta kusa faɗuwa, bai kuma samo yadda zai gaya wa 'yarsa ba. Wendiyam ta riƙe gefen rigarsa.

"Baba, ba haka aka rubuta ba."

"Ina?"

"Wurin mutumin danga. Na iya karatu yanzu. Malama ta ce har na fi Salfo ɗan ajinmu sauri." Ta ɗaga kai ta dube shi. "An rubuta ba zai dawo ba."

Tasere ya zauna a kan baburin a hankali. Mai gadin wurin ya taho karɓar kuɗinsa, ya ga fuskarsa, ya wuce.

"Ranar Asabar," ya ce, ya dakata. Ya sake gwadawa. "Ranar Asabar za a taru saboda Mama."

"In sa takalmanta?"

"Sun yi miki girma."

"Na tsohuwar ma haka."

Ta hau baburin a bayansa ta rungume shi sosai. Wendiyam ta gane mamarta ba za ta dawo ba. Ta kuma gane babanta ya daɗe da sani, wanda zai karanta masa ne kawai ya rasa.