Ramukan da ke Ƙugun Inna

Jiya na yi wani mafarki, kuma ba da dare ba, da rana tsaka bayan azahar, a kan teburin ofis, kumatuna a kan fayil ɗin wata tsohuwa. Laifin ɗanwake ne. Amma bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi a ciki ban da ɗanwaken.

Shekara goma sha tara ke nan ina bincike a kan zaizayewar ƙashi, ciwon nan da ke cin ƙashin tsofaffi ta ciki, musamman mata, shiru ba hayaniya, har wata rana tsohuwa ta yi tuntuɓe da bakin tabarma ƙugu ya karye. Ni na zaga ƙauyuka ina auna tsofaffi, ni na tsara yadda ake kula da su a asibitinmu. To amma ni ɗan fari ne. Inna, mahaifiyata, tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, "wancan" take ce mini. Da ƙugunta ya soma ciwo, ta ce ita kam ba za ta kwanta a gaban wancan ya auna ta ba, da kunya. Sai na miƙa ta ga Dakta Sahabi, wanda ni na koyar da shi aikin tun bai san gaban na'urar awo da bayanta ba. Yanzu ko atishawa Inna ta yi, sai ta ce Allah ya yi wa Dakta Sahabi albarka. Sunansa ya zame mata goro, kullum yana baki. Kishi nake yi, wallahi, da furfurata da komai.

To, a mafarkin sai na gan ni a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana zuba sama. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata ko ɗigo. Ranar Laraba ce, kuma a garin ran Laraba ake shanya ƙashi. Kowa ya zare ƙasusuwansa ya rataya a igiya su sha rana, shi kuma ya zauna a ƙasa a nannaɗe kamar buhun da aka juye, ana ta hira. Na tsaya na yaba, don ni ma kullum ina gaya wa tsofaffi su riƙa fita hantsi. Ba wanda ya ce mini sannu.

Sai ga ni a Ofishin Sa Albarka. Wata akuya ce sakatariya, da tabarau da ɗankwali.

"Me ke tafe da kai?" in ji ta.

"Albarkar uwata ce ke sauka a gidan wani."

"Takardu."

Na miƙa mata duk maƙalun da na wallafa a shekara goma sha tara. Ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, a natse, ba ta bar ko marfi ba.

"Ta bakwai ta fi daɗi," ta ce. "Ta ƙarshen nan gishiri ya yi yawa. Shiga, Darakta na jira."

Darakta bunsuru ne, ya hakimce a kan tebur, kujerarsa kuma tana zaune a ƙasa tana sauraro. Ya tambayi sunana, na ce Zakariyya'u. Ya lumshe ido ya yi ta tuƙa.

"Ba a taɓa furta wannan sunan a ɗakin mahaifiyarka ba. Akwai dai wani Wancan."

"Ranka ya daɗe, ai ni ne."

"Kowa ma wancan ne in an tsaya daga nesa. Albarka suna take bi, likita. Ka taɓa ganin maƙeri ya ƙera abu bai sa alamarsa ba? Je ka rubuta sunanka a jikin aikin."

Ya tura mini ƙusa da guduma da ƙafarsa ta baya. Na karɓa da hannu biyu, har da rusunawa.

A bakin ƙofa na yi kiciɓis da Dakta Sahabi. Yana tafe cikin farar rigarsa, ruwan nan ko taɓa shi bai yi ba, bayansa kuma 'yan tsaki sun fi ɗari suna biye da shi. Kowane ɗan tsako ya buɗe baki sai ka ji muryar Inna: "Allah ya yi albarka, Allah ya yi albarka." Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Abin da ke ƙara ƙona mini rai da yaron nan ke nan, ladabi. Da ma mara kunya ne da na samu abin kamawa.

"Malam, ai duk naka ne," ya ce. "Ɗauki ɗaya mana."

Na sunkuya na kama wani ɗan rawaya. Ya dube ni da ido ɗaya, ya yi shiru, ya kawar da kai. Na ajiye shi, yana taɓa ƙasa ya ci gaba da sa wa Sahabi albarka.

Sai ga ni a tsakar gidanmu na ƙauye. Inna na zaune a gindin igiya, a ninke tsaf kamar zanen da aka goge, ta ba ni baya. Ƙasusuwanta na rataye suna shan rana. Na je kai tsaye wurin ƙashin ƙugu, don shi na fi sani. Na ɗaga shi a haske, duk cikinsa ramuka kamar soson wanka.

"Kai ne Wancan?" in ji ƙashin. Shi ƙashi ba ruwansa da kunya, ido cikin ido yake magana.

"Ni ne."

"Ka girma. Dubi nan gefen hagu, manyan ramukan nan. Ka gane su?"

"Tsufa ne," na ce. "Da haihuwa tara, da rashin nono a abinci."

"Waɗancan na dama ne. Na hagun nan kai ne. Wata ashirin da biyu kana tsotsa, ta baki kake sha amma ni kake kwasa."

Nan fa likitan da ke cikina ya miƙe. Na ce masa abin da shayarwa ta ɗiba daga ƙashi yakan dawo bayan yaye, wannan sananne ne, ni da kaina na rubuta shi a maƙala ta bakwai.

"Yakan dawo in an ci," ƙashin ya ce. "A shekarar yunwa aka yaye ka. Kunun da aka dama mata, cikin wa ya shiga?"

Cikina ya shiga, na sani. Wani mai hankali da a nan zai zauna ya yi kuka. Ni kuwa wani daɗi ne ya kama ni. Ashe ina da wuri a jikin Inna, babba ma, gefe guda sukutum! Sai na lura wasu ramukan sun soma cikewa da wani abu fari sabo, kamar an yi musu shafen farar ƙasa.

"Wannan fa?"

"Aikin Dakta Sahabi ne, Allah ya yi masa albarka. Maganin nan da motsa jikin da ya sa ta."

"Ni na tsara su!"

"Shi ya miƙa."

Wato ramukan nawa ma shi ke cikewa. Nan da shekara biyu ko alamata ba za a gani ba. Zuciyata ta tafasa. Na ɗora tsinin ƙusa a kan wuyan ƙashin, daidai inda ya fi siranta, don nan ne kawai ke da ɗan fili mai santsi.

"Sunan naka harafi nawa ne?" ƙashin ya tambaya.

"Goma, ban da ɗan wutsiyar nan na kusa da ƙarshe."

"Uku zan iya ɗauka. A na huɗu zan rabe biyu."

Ba sai ya gaya mini ba. Duk garin nan ba wanda ya fi ni sanin abin da ke biyo baya in wuyan ƙugun 'yar shekara tamanin ya karye. Na ga waɗanda suka kwanta, na san nawa ne suka sake takawa. Na sani sarai, kuma na ɗaga gudumar. Na ce a raina, ai harafi uku ma suna ne, sauran sai mu ga abin da hali ya yi.

Sai Inna ta yi magana daga ƙasa, ba ta juyo ba, bango take gaya wa.

"A ce wa wancan ya yi a hankali, kada ya buge yatsansa."

Na so in tsayar da hannuna. Gudumar ta riga ta taho.

Ƙwas.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Na ɗago kai, fayil manne a kumatuna. Fanka na juyawa. Na duba babban yatsana, lafiya lau. Ƙarar kuma ba ta tsaya ba, tana matsowa ta baranda, kuma na san ta: sandar Inna ce a kan siminti. Na manta ashe ranar awonta ce. Tana tafe da ƙafafunta biyu, Sista Uwani, ma'aikaciyar jinyarmu, na riƙe mata jaka.

Ta tsaya daidai ƙofata. Ba ta shigo ba, ba ta kuma kallo ni ba.

"Uwani," ta ce, "Dakta Sahabi ya ce ƙashina ya ƙara ƙwari bana. Allah ya yi masa albarka. Ki ce wa wancan ya goge bakinsa, yawu ya zuba a takardar mutane."

Ta wuce. Na zauna ina sauraron sandar, ƙwas, ƙwas, har ta sauka matakala uku na bakin baranda ba wanda ya tallafe ta. Kishin yana nan, bai je ko'ina ba, ina jin sa a maƙogwaro kamar ɗanwaken da bai wuce ba.

Na goge bakina da hannun riga, na ce amin. Da ƙyar ta fito, amma ta fito.