Bututun da Ke Cikin Mai Famfo

"Zo ka yi masa magana, ni na gaji," in ji matar Mai Famfo maƙwabcina, tana tsaye a ƙofata ko takalmi babu.

Na yar da tsumman goge tasi na bi ta. Na same shi a falo lulluɓe da bargo da rana tsaka, haƙora na kaɗawa, amma yana ta fama da wani kan famfo a cinyarsa. Kwanan nan aka fasa masa tsakuwar ƙoda, aka bar masa siririn bututu a ciki don fitsari ya samu hanya. Likita ta ce da ya ji zazzaɓi ya dawo, kada ya jira.

"Maƙwabci, tashi mu tafi asibiti."

"Kai ma ta ɗauko ka?" Ya yi dariya. "Zauna in koya maka aiki. In ka buɗe bututun da ya toshe, ruwan farko ja yake fitowa, da tsatsa da datti. Ba ka kiran kowa. Barin sa kake ya zuba har ya washe."

"Tun shekaranjiya jini yake fitsarwa," in ji matarsa. "Yau kuwa ko ɗigo."

"Iska ce ta shiga layin. Ƙaro min ruwa kawai."

Matsalar mutumin nan, bai taɓa kuskure a kan bututu ba. Unguwarmu kaf, in ya ce a fasa bango a nan, to nan yoyon yake. Wa zai ja da shi? Ni dai raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na sungume shi da bargonsa na zuba a bayan mota. Yana zagina har bakin titi, daga nan ya yi tsit. Shirun nan ya fi zagin tayar min da hankali.

A sashen gaggawa ba su yi wasa ba. Suka ɗibi jini, suka ɗaura masa ƙarin ruwa, suka ba shi gado. Likitar ta ja ni da matarsa gefe ta ce ciwon ya riga ya shiga jini.

"Yaushe zazzaɓin ya fara?"

Matarsa ta faɗa mata. Likitar ta juya ciki da sauri.

Washegari da hantsi ya buɗe ido, ya gane ni.

"Direba, ashe ka iya satar mutum."

"Ka warke ka kai ni ƙara."

Ya so yin dariya, numfashi ya hana. Can ya karkata kai wajen famfon wanke hannu da ke kusurwar ɗakin.

"Kana jin wancan? Robarsa ce ta cinye. Kada ka matse shi, ƙarasa shi za ka yi. Gobe ka zo min da jakar aikina."

Haka ya faɗa, da muryar da yake cewa a fasa bango. Wallahi na yarda zai tashi.

Na kawo jakar da sassafe. Na tarar an cire zanen gadon, an naɗe katifar. Matarsa na zaune a kujerar 'yan jinya, idonta a bushe. Ta miƙo hannu biyu, na ɗora mata jakar a cinya, ta rungume ta.

Na zauna a bakin ƙarfen gadon. A kusurwa famfon na ta ɗiga, babu wanda ya taɓa shi.