Tambayar Asta ga Baƙuwar Maleshiya

Asta tana durƙushe tana goge ƙafar ƙaramin gadon katako karo na uku lokacin da Hajiya Zubaidatu, mai gidan renon, ta leƙo ɗakin.

"Inna Asta, gadon nan zai ƙare a hannunki. Ki bar shi haka, ki shimfiɗa sabon zanin."

"To, Hajiya."

Sati guda ke nan gidan renon bai zauna ba. An yi fenti, an sa raga a tagogi, an sayo farar shinkafa don an ce mutanen ba su san tuwo ba. Wani injiniya ne ɗan Maleshiya da ke aikin famfunan noman rani wajen Kabo ya kama gida a Gwarzo da iyalinsa, kuma nan za a riƙa kawo ɗansu mai shekara biyu. Asta aka zaɓa ta kula da shi, don duk yaron da ta goya sai ya yi barci.

Hajiya ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na san abin da ke ranki. Don Allah kada ki soma. Za su ɗauka roƙo ne, su janye ɗansu."

Asta ba ta ɗago ba.

*

Shekara shida da suka wuce wani Alhaji Dabo ya shigo ƙauyensu Lakwaya da mota mai sanyi da takardu masu hoton dogayen gine-gine. Karatu a Maleshiya, in ji shi, ga kuma aiki a gefe. Muhammad Nur, ɗan farin Asta, ya gama sakandare yana zaune. Ita ko sunansa ba ta faɗa, "yaron nan" take cewa. Mijinta Jalo ya kaɗa shanunsa kasuwa, ya dawo da sanda kawai.

Da ya isa can, wata huɗu yaron yana kira. Ya ce makarantar ɗaki biyu ce a saman wani shago, kuma an karɓe masa fasfo. A kiran ƙarshe bai yi ƙorafin komai ba. Ya tambaya ko gero ya fitar da kai, ya ce yana sha'awar fura. Kunyar ɗan fari ta hana ta cewa ya dawo. "Allah ya tsare" kawai ta ce, ta miƙa wa ubansa wayar.

Daga nan layin ya daina shiga. Da Jalo ya je Kano, ya tarar ofishin Alhaji Dabo ya koma shagon gyaran waya. Jalo ya rasu bara waccan, bai daina tare duk wanda ya sauko daga motar Kano ba. Bayan takaba Asta ta dawo Gwarzo renon 'ya'yan mutane.

Tun da aka ambaci baƙin nan take jin kamar wani ne zai zo daga unguwar da ɗanta yake.

*

Ranar Litinin da hantsi suka iso. Matar 'yar siririya ce, da ɗan hijabi ruwan toka. Ta yi sallama tiryan-tiryan, har Asta ta daburce wajen amsawa. Sunanta Nurhayati, yaron kuma Irfan. Malama Amatullahi, mai koyar da 'yan aji ɗaya, ita ke fassara daga Turanci.

"Ta ce kada a ba shi gyaɗa, ƙuraje take fito masa. Yana barci kafin azahar. In ya ce *Mak*, uwarsa yake kira."

Asta tana gyaɗa kai, idonta a kan hannayen matar. Da Hajiya ta fita gaisawa da mijin matar a mota, sai ta kwance bakin zaninta, ta fito da wata takarda da ta yi laushi saboda ninki. Sunan makarantar ne da hoton ɗanta a manne.

"Inna, Hajiya fa ta hana," in ji Amatullahi ƙasa-ƙasa.

"Na ji. Tambaye ta kawai ko ta taɓa ganinsa."

Nurhayati ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta danna wani abu a wayarta, ta yi magana a hankali.

"Ta ce ba ta san shi ba, garin yana da girma ƙwarai. Makarantar kuma an rufe ta tuntuni. Waɗanda aka kai irinta, wasu suna tsare saboda rashin takarda, wasu suna ɓuya suna aikin ƙarfi. Za ta tura hoton wa yayanta ya bincika, amma ba ta yi alkawari ba."

Asta ta matso kusa da ita.

"A can akwai sanyi?"

"Ta ce babu. Ruwan sama ne dai kusan kullum."

"To in baƙo ya rasu, ba shi da kowa, ana yi masa salla?"

Amatullahi ta fassara. Nurhayati ta ajiye wayar, ta riƙo hannun Asta, ta faɗi kalma biyu.

"Ta ce ana yi."

"Alhamdu lillahi," in ji Asta. Ta ninke takardar, ta mayar.

Takun Hajiya ya matso. Nurhayati ta sumbaci ɗanta a ka, ta fice da sauri ba ta waiwayo ba. Irfan ya bi ta har ƙofa, ya tarar an rufe, ya shiga dukanta da tafin hannu yana ihu, "Mak! Mak!"

Asta ta ɗauke shi yana harbin iska, ta saɓa shi a baya, ta ɗaure zani. Ta kai shi bakin taga inda ake hango titi, tana jijjiga shi.

"Yi shiru, ɗan baƙo," ta ce da Hausar da ba ya ji. "Ƙarfe biyu za ta dawo. Kai an faɗa maka lokaci."