Talakan da Gordon Ya Samo a Bakin Ruwa

Shekara goma sha huɗu Gordon Pellman yana kan kujerar dama a shirin muhawarar safiyar Lahadi, a wani gidan talabijin na New York. Aikinsa ɗaya ne: ya ce a rage wa masu kuɗi haraji don talaka ya samu aiki. Lorraine Vasko na kujerar hagu, ita kuma ta ce a ƙara musu don talaka ya samu asibiti. Su yi ta kamar za su cinye juna, ana kashe fitilu su shiga mota ɗaya su tafi cin kifi. Talakan dai ba a taɓa gayyatarsa cin kifin ba.

A wannan sana'a kowa yana da talakansa na aljihu, wanda yake zarowa in gardama ta yi zafi. Lorraine tana da wata bazawara mai 'ya'ya uku. Gordon kuwa Sal wanzami gare shi. Da an matsa masa sai ya gyara zama ya ce jiya-jiyan nan Sal yana masa aski ya ce masa kaza. Sal bai taɓa saɓa masa ba ko sau ɗaya.

Sai wata 'yar jarida mara aikin yi ta je neman Sal. Ta samu shagon, ana sayar da wayoyi a ciki. Sal ya shekara biyar da rasuwa. Ta lissafo a jarida duk ra'ayoyin da ya bayar daga kabari, har da na makon jiya.

Denise, mai kula da shirin, ta kira Gordon ofis ranar Talata. Ba ta ba shi kujera ba.

"Gordon, ba na son dogon turanci. Ranar Lahadi ka zo min da talaka mai numfashi, wanda ya yarda da kai. In babu, kujerar nan akwai masu jiranta."

Gordon ya ce ai ba wani abu ba ne, garin nan cike yake da talakawa. Ya fito ya tuna bai san ko ɗaya ba.

Ya fara da mai gadin ƙofar benensu. Mutumin ya saurare shi da ladabi, ya ce shi dai in za a bi tasa, a fara ƙara harajin daga hawa na talatin, wato hawan Gordon. Direbansa ya ce ba ya da ra'ayi in yana kan aiki, in ya tashi kuma ba ya ɗaga waya. Matar da ke share masa gida ta tambaya ko za a nuna fuskarta, da aka ce e, ta ɗauki tsintsiyarta ta shige wani ɗaki.

Ranar Asabar ya tafi gidansa na bakin teku don kansa ya huce. Can ne, a inda ake ɗaure kwale-kwale, ya hango wani tsoho zaune kan bokitin da aka kifa, yana cin kifin gwangwani da yatsa. Rigar sanyinsa ta huje a gwiwar hannu, takalminsa ɗaya da igiya aka ɗaure shi, ga wata tsohuwar mota a bayansa duk tsatsa. Gordon ya ji zuciyarsa ta yi fari. Shi kuɗinsa sabo ne, da baki ya tara shi, kuma a saninsa arziki a takalmi ake gane shi.

Ya ƙarasa ya gaishe shi, ya kawo zancen haraji a hankali. Ai kuwa kamar ya taɓo masa gyambo. Tsohon ya ajiye gwangwani ya zagi haraji, ya zagi wanda ya ƙirƙiro shi, ya ce tun zamanin kakansa gwamnati ke bin gidansu kamar ƙuda. Gordon ya kusa rungume shi. Ya tambayi sunansa, ya ce Alden. Bai tambayi sunan gidansu ba. Duk rayuwarsa bai taɓa sanin talaka da suna biyu ba, ɗaya ya ishe shi. Ya dai roƙe shi ya zo gobe, kuma don Allah kada ya canja kaya. Tsohon ya ce dama ba shi da niyya.

Da safe, a ɗakin jira, Lorraine ta shigo riƙe da kofinta, ta ga tsohon, ta tsaya cak. Ta juya ta koma ɗakin kwalliya ta rufe ƙofa. Gordon ya bi ta ya ƙwanƙwasa.

"Uwar talakawa, ya aka yi? Yau kin ga na gaske kin gudu?"

Daga ciki ta ce, "Gordon, mai da shi inda ka ɗauko shi."

Ya yi dariya har da buga ƙofa. Ya ce ta fito, ba ya cizo.

Aka kunna fitilu. Gordon ya gabatar da abokinsa Alden, mutumin ruwa, mai cin guminsa. Tsohon ya yi ta zuba, Gordon na gyaɗa kai. Lorraine, wadda ba ta taɓa barin mutum ya kai aya ba, ta zauna tana kallon farcenta. Gordon ya ga nasara ta zo, ya sassauta murya ya tambayi tsohon abin da zai fara yi in an rage haraji. Tsohon ya ce rufin gidansa zai gyara, yana yoyo. Gordon ya kalli kyamara ido ya kawo ruwa.

Da an tsaya nan da shi ke nan. Amma mai gabatar da shirin ya ga saura minti biyu, sai ya tambayi tsohon ko a ɗakin kwanansa ne yake yoyon.

"A'a, ɓangaren baƙi ne, na gabas. Tambayi Lorraine mana, can take sauka duk watan Agusta. Bana da bokiti ta kwana a gefen gado."

Lorraine ta ɗago kai ta ce, "Baho ne."

Mai gabatarwa ya tambayi ɗaki nawa ne a gidan. Tsohon ya ce bai taɓa ƙirgawa ba, kakansa ne ya gina shi lokacin da ya sayi tsibirin da gidan yake kai. Gordon ya yi ta maza ya ce to, ko ba komai, gyaran rufin zai samar wa magina aiki, abin da yake faɗa ke nan shekara da shekaru. Tsohon ya kalle shi kamar ya zage shi. Ya ce shi ba ya ɗaukar kowa, da kansa yake hawa, magina tsada gare su.

Sai aka tafi talla.

A bayan fage aka gaya wa Gordon sauran sunan: Alden Thayer, na gidan Thayer masu jiragen ruwa. Kowa ya san su, in ban da mai kallon takalmi. Ranar ba a je cin kifi ba.

Litinin Denise ta bugo waya. Ta ce ba a taɓa kallon shirin kamar jiya ba, jama'a sun so tsohon, sun ce shi aƙalla bakinsa da cikinsa ɗaya. Shi za a ba kujerar dama, ya kuma yarda muddin ba za a sa masa hoda ba. Lorraine tana nan, don dole a samu mai yi masa gardama, kuma sun saba.

Da yamma Lorraine ta kira Gordon. Ta yi masa jaje sosai, muryarta har da rawa. Sannan ta ce mako mai zuwa za a yi batun rashin aikin yi, kuma Denise ta ce bazawarar nan ta gaji, ita ma ta zo da mai numfashi. Ko zai zo ya zauna kusa da ita, a matsayin wanda ya rasa aikinsa kwanan nan?

Gordon ya ɗaga kai ya kalli rufin falonsa. Can ya tambaya ko za a aiko masa da mota. Ta ce za ta tambaya.