Injin Motar Baba

Illa na juya sabon salansa a hannu, a wani shagon kayan mota da ke bayan unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou a China, sai wayarsa ta yi ƙara. Ƙanensa ne Maidaji, ke kiran bidiyo daga Maraɗi.

Motar da ake wa wannan hidima tsohuwar Ford Falcon ce ƙarama, wadda babansu ya saya hannun wani likita Ba'amurke tun ba a haifi Illa ba. Da tsohon ya makance, sai ya ba Illa makullin. Shi kuwa Illa, shekara shida ke nan yana Guangzhou, bai taɓa cika kwantena bai soka wa motar wani abu ba: yau birki, gobe tayoyi masu faɗi, a ƙarshe har inji sukutum. Burinsa ranar da ya koma gida ya ba matasan garin kunya a kan titin Dakoro. Maidaji, da yake makanike ne, shi ke ɗaurawa.

Abin da Illa bai lissafa ba shi ne tsufa. Hankalin Baba ya soma gushewa, 'ya'yansa ma sai a hankali yake gane su. Sai dai kowace safiya in an tayar da motar ta yi tarin nan nata, yakan dafa ta, hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci, ya kira kowa da sunansa.

"Yaya, mun gama ɗaura sabon injin jiya," in ji Maidaji. Muryarsa babu daɗi.

"To, yaya take?"

"Gudu kam sai ka riƙe ta. Bari ka gani."

Ya juya wayar. Ga Baba a bakin zaure cikin farar riga, ya rame. Aka murza makulli, motar ta yi wani ruri har kajin gidan suka watse. Tsohon ya toshe kunnuwa.

"Baba, ga Illa a waya," Maidaji ya ce.

"Wane ne wannan baƙon? Ku ce ya kau da motarshi daga ƙohwar gida. Illa na nan tahe da tawa, ina za shi aje ta?"

Illa ya daɗe bai ji kunyar kansa irin ta yau ba.

"Maidaji, mayar da tsohon injin. Yau ɗin nan."

Maidaji ya juyo da wayar wajen fuskarsa.

"Yaya, kai ka ce in ba masu tsohon ƙarhe. Tun satin jiya sunka sassare shi."

Mai shagon, wani ɗan China mai tabarau, yana ta jira da jaka a buɗe. Illa ya ajiye salansan. Ya laluba cikin wayarsa har ya samo hoton tsohon injin, baƙi ƙirin da mai, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Laoban," ya ce, wato maigida, "irin wannan fa? Ko da mataccen ne."

Mutumin ya ɗaga tabarau, ya duba da kyau, ya kira maƙwabcinsa shi ma ya duba. Sannan ya mayar masa da wayar.

"Meyo," ya ce. Babu.